Milimita Nawa Walda Ke Ci?

A bara wani injiniya ya kawo mana zanen gindin inji, firam mai tsawon mita 6. A ƙasan zanen an rubuta kada kuskuren awo ya wuce rabin milimita. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan lissafin na injin sassaƙar ƙarfe ne, ba na mai walda ba." Ya ɗauka ƙiwa ce ta sa ni faɗin haka.

Ba ƙiwa ba ce, halin ƙarfe ne. Wurin da wuta ta taɓa yana narkewa da zafin da ya kai digiri 1,500, alhali na gefensa yana da sanyi. Da ɗinkin ya huce sai ya tsuke, ya jawo abin da ke kusa da shi. Shi ya sa za ka ɗaure ƙarfe biyu a miƙe sak, ka gama walda, ka tarar ɗaya ya rusuna kamar mai gaida sarki. Muna rage wannan da ɗige-ɗigen walda tun farko, da ɗaure aikin a kan teburi, da yin ɗinki nan kaɗan can kaɗan don jan ya daidaita. Ragewa dai muke yi, ba kawarwa ba.

Ga kuma rana. Kowace mita ta ƙarfe tana ƙara kusan milimita 0.012 a duk digiri ɗaya. Firam ɗin nan na mita 6, in ya yini a filin shago zafinsa ya ƙaru da digiri 30, ya ƙara sama da milimita 2, shi kuwa tef ɗin da ke aljihunka bai sha wannan rana ba. Ka auna da asuba, ka auna da azahar, sai ka rantse wani ya taɓa aikin.

Akwai ƙa'idar da aka tanada don wannan, ISO 13920, mai aji huɗu daga A zuwa D. A tsawon mita 4 zuwa 8, aji A, mafi tsauri, ya yarda da ƙari ko ragin milimita 5. Aji B kuwa 8. Wato abin da injiniyan nan ya nema ya fi aji mafi tsauri tsauri sau goma.

Muka zauna da zanen, na tambaye shi ina ne ainihin wurin da ba ya son wasa. Ashe fuska huɗu ce kawai, inda ƙafafun injin za su zauna. Sai muka bar musu kauri, muka gama walda, aikin ya huce, sannan aka kai aka sassaƙe su daidai. Hujin ƙusoshi muka yi su dogaye don a samu wurin matsawa, sauran firam ɗin muka bar shi a aji B. Ranar ɗora injin, ɓallen ƙarfe siriri biyu kacal aka cusa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya.