Darasin Kimiyya: Dashen Piya a Lambun Gida

Ɗalibai, mu fara da raba suna, domin itatuwa biyu ake kira piya. Akwai ta ƙasashen sanyi, dangin tuffa, wadda ba ta fure sai ta sha ɗaruruwan awoyi cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba. Hunturunmu na Ikara da Makarfi da Kudan yana fasa leɓe, amma bai kai nan ba. Ta biyu ita ce mai ƙwallo ɗaya da nama kamar man shanu, wadda ake kawo mana daga Jos da kudu. Asalinta Meziko ne, kuma a kanta za mu tsaya.

Sirrin piya yana saiwarta. Saiwar ba ta nitsawa can ƙasa kamar ta mangwaro, yawancinta a sama-sama take, kuma tana buƙatar iska. Idan ruwa ya kwanta mata kwana biyu ko uku, sai ta ruɓe. Shi ya sa fadamar da rake yake so a Makarfi kabari ce ga piya. A nan Taba, a nema mata jigawa, a tara tudun ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, a dasa a kai idan damina ta kankama a watan Yuni. Da rani kuwa sai ban ruwa, a lulluɓe gindin da ciyawa, a kewaye da zana saboda iskar hunturu da awaki. Akuya ba ta san kimiyya ba.

Sai batun iri. Ƙwallon da aka shuka yakan ɗauki shekara 5 zuwa sama da 10 kafin ya haihu, kuma ba lallai ɗan ya gaji uwar ba. Dashe mai aure, irin yadda ake wa mangwaro, yakan fara a shekara 3 ko 4.

Furen ma abin kallo ne: yakan buɗe a matsayin mace, ya rufe, washegari ya buɗe a matsayin namiji. Bishiya biyu da ƙudan zuma sun fi bishiya ɗaya amfani.

Piya ba ta nuna a bishiya, sai an tsinke ta.

Aikin gida: kowa ya haƙa rami mai zurfin kamu biyu, ya cika shi da ruwa, ya zo mana ranar Litinin da adadin awoyin da ruwan ya yi kafin ya tsotse.