KU TSARE HAIHUWARKU DAGA GUBAR DALMA

Jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum, kowane manomi ya san irin baɗi tun bana a ke adana shi. Haihuwa ma haka ta ke. Yarinyar da ke wasa a tsakar gida yau, ita ce uwar gobe. Saurayin da ke fasa dutse a daji, shi ne uban gobe. Abin da ya shiga jikinsu yanzu yana iya hana su 'ya'ya nan gaba. Wannan takarda za ta nuna muku yadda za ku tsare su.

ABIN DA YA FARU A ƘASARMU

A cikin 2010 aka gane abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF su ne suka fara lura. Da aka auna jinin yaran, sai aka tarar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu. Dalilin kuwa shi ne, dutsen zinariya na wurarenmu yana haɗe da dalma, mutane kuma suna kawo shi cikin gida suna dakawa, suna niƙawa. Daga baya aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Ta Bagega kuwa, sai a 2013 aka yi ta. Amma dalmar da ta riga ta shiga jiki ba a kankare ta da shebur.

INA DALMA TA KE ƁUYA?

Dalma tana shiga jiki ta baki da ta hanci, watau ta ƙura. Ba ta da wari, ba a jin ɗanɗanonta. In ta shiga jini, sai ta wuce ta zauna cikin ƙashi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi ta ke, kuma tana iya zama a can shekaru da yawa, mutum yana tafiya lafiya lau.

GA MACE

Sa'ad da mace ta sami ciki, jikinta yakan ɗebo abin gina ƙashi daga ƙashinta domin ɗan da ke ciki. To, dalmar da ta ɓuya sai ta biyo, ta koma jini, ta bi cibiya ta isa wurin ɗan. Daga nan ne a kan sami ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri ƙarami ƙwarai, ko hawan jini ga mai ciki. Ashe ke nan ƙurar da yarinya ta haɗiya tana shekara 5 tana iya taɓa cikinta na fari.

GA NAMIJI

Kai maigida, kada ka ce wannan zancen mata ne. Dalma tana rage ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi, tana raunana su, ko da namiji yana jin ƙarfinsa. Saboda haka in haihuwa ta yi jinkiri, kada ka yi saurin ce wa matarka juya. Ƙara aure ba ya fid da dalma daga jikinka. Ku tafi asibiti ku biyu a duba ku. Jiki yakan ɗauki kamar wata 3 kafin ya yi sababbin ƙwayoyi, don haka wanda ya nisanci ƙurar sau da yawa yakan sami sauƙi.

DOKOKI BAKWAI

1. Kada ka kawo dutsen zinariya cikin gida ko cikin gari. A yi aikinsa can nesa, a riƙa jiƙa shi da ruwa don kada ƙura ta tashi.
2. Turmi ko inji ko buhun da ya taɓa dutse, kada ya sāke taɓa hatsi.
3. In ka tashi daga aiki, ka yi wanka da sabulu a can, ka sāke riga da takalmi kafin ka shiga gida. Kada uwargida ta wanke kayan aikinka tare da na yara.
4. Mata masu ciki da 'yan mata da yara kada su je wurin aikin dutse, ko da talla ce.
5. Ke uwargida, ki yayyafa ruwa kafin ki yi shara. Ki wanke hannun yara kafin su ci abinci. In kina da ciki, kada ki ci ƙasa kome kwaɗayi.
6. Ku bar tozalin dutse, gama yawancinsa dalma ce.
7. Kada ku sha ruwan kududdufin da a ke wanke dutse. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fid da dalma.

ABINCI MA TAIMAKO NE

Cikin da ba kome ya fi saurin tsotse dalma. Ku ba 'yan mata da masu ciki nono, da zogale, da miyar kuka, da wake, da hanta, da ƙananan kifi, da lemo ko gwaiba in sun samu. Waɗannan suna gina ƙashi da jini, suna kuma rage abin da jiki ke tsotsewa.

KU JE A AUNA

Wadda ta girma a gidan da aka taɓa daka dutse, ta faɗa wa ungozoma ko malamin asibiti tun ran da ta fara zuwa awo. Awon jini kaɗai ke nuna dalma. Akwai maganin da ke rage ta cikin jini, amma likita ne kaɗai ke ba da shi, kuma ba ya gyara abin da ya riga ya lalace.

Haihuwa ta Allah ce, amma tsare jiki namu ne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda. Riga-kafi ya fi magani.