TUKUNYARKI GARKUWARKI DAGA CIWON DAJI

Uwargida, ciwon daji ba jifa ba ne, ba sammu ba ne. Ga hanyoyin rage haɗarinsa:

1. Gyaɗa, masara ko dawa mai fumfuna tana da dafi mai jawo dajin hanta. Dahuwa ba ta kashe shi. A shanya hatsi ya bushe ƙayau kafin a kai rumbu. Mai fumfuna, a zubar.

2. Ki yawaita zogale, rama, alayyahu, wake, gwanda da gwaiba.

3. Ki rage maiƙo, gishiri da lemon kwalba. Ki guji burkutu da taba.

4. Yawan ƙiba na ƙara haɗarin dajin nono bayan haila ta ɗauke. Ki yi tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako. Daka da aikin gona ma motsa jiki ne.

5. Shayar da jariri na rage haɗarin dajin nono.

In kin ji ƙullutu a nono, kada ki ɓoye. Maza zuwa Babban Asibitin Zuru, tun yana ƙarami.

Ma'aikatar Lafiya, Jihar Kebbi