Gyaran Masauki da Hanyoyin Dajin Yankari: Jan Kunne a Kan Wutar Daji

Jama'a, damina ta janye, iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma yanzu ne ma'aikatan Dajin Yankari suke duƙufa wajen gyaran abin da ruwa ya ɓata. Shi ya sa aka ga ya dace a rubuto wannan 'yar takarda domin masu zuwa yawon buɗe ido, da malaman makaranta masu kawo ɗalibai, da direbobi, da kuma mutanen garuruwan da ke maƙwabtaka da dajin.

Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa kuwa murabba'in kilomita 2,244 ne. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a watan Disamba na 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 ya dawo hannun gwamnatin Bauchi. Wanda ya taso daga Bauchi kan hanyar Gombe zai ratse a Dindima, ya isa ƙofar shiga a Mainamaji. Daga nan akwai tafiyar fiye da kilomita 40 cikin daji kafin a kai masaukin Wikki, inda ruwan ɗumi na Wikki yake ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, har ya gangara ya shiga kogin Gaji.

Wuri mai wannan girma ba ya zama da kyau haka kawai. Hanyoyin da ake bi a kalli dabbobi na ƙasa ne, kuma kowace damina sai ta ci rabonta. Sai an kawo gireda ta daidaita su, a zuba marmara inda ya zaizaye, a yashe kwalbatin da yashi ya toshe, a kawar da itatuwan da giwaye suka karya suka gindaya a hanya. A masauki kuma akwai rufin ɗakunan baƙi, da bututun ruwa, da wayoyin lantarki, da matakalar sauka bakin Wikki, da allunan nuna hanya. Duk wannan kuɗin al'umma ne, da gumin leburori waɗanda baƙo ba ya ko ganinsu.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da ake nufi. Maigida mai hankali ba ya jiran hadari ya haɗo kafin ya duba katangarsa. Tun da rani zai zagaya gidan, ya ga inda ta tsage, ya sa a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan a zo a yi yaɓe. Zai hau soro ya duba indararo, ya cire tsakuwa da ganyen da suka toshe shi, ya liƙe ramin da gafiya ta haƙa a gindin bango. Yara na miƙo ƙasa, uwargida na kawo fura, maƙwabci ma yakan leƙo ya sa hannu, don ya san in katangar nan ta faɗi har da akuyarsa za ta danne. Shi kuwa malalaci cewa zai yi ai tsagar ƙarama ce, sai baɗi. Ruwan farko ya shiga, na biyu ya faɗaɗa ta, ran da aka yi na tsakiyar Agusta sai a ji rugum cikin dare, abin da kwando goma na ƙasa zai gyara ya koma ginin sabuwar katanga. To, Yankari gidan ƙasa ne babba, mu duka kuma 'yan gidan ne.

Sai dai ruwa yana ɓarnarsa ne sannu a hankali, yana ba da damar gyara. Abin da ke hana hukumar dajin barci shi ne wuta.

Ciyawar gamba a Yankari takan fi mutum tsawo. Idan ta bushe, iska kuma tana busawa daga arewa maso gabas, guntun taba ɗaya ya isa ya tayar da gobarar da mutum ɗari ba za su iya kashewa ba. Da wuya wuta ta tashi da kanta a wannan daji, kada wani ya ruɗe ku. Galibi hannun mutum ne. Ko mafarauci ne da ya shigo a ɓoye ya cinna don ya koro nama, ko mai ɗiban zuma ya jefar da bakin wutarsa a gindin itace, ko makiyayi ya ƙone tsohuwar ciyawa don toho ya fito wa shanunsa, ko manomi a bakin iyaka ya sa wa sauran kara wuta ya tafi gida cin tuwo. A cikin baƙi ma akwai masu laifi: direban da ya wurgar da taba ta tagar mota, da samarin da suka gasa nama suka watse suka bar garwashi yana ci a ƙarƙashin toka.

Wani zai ce, "To ai su ma malaman daji suna sa wuta, mun gani da idonmu." Gaskiya ne, amma a fahimci bambancin. Su suna ƙonawa ne da farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, a wuraren da suka zaɓa, suna tsaye a kai. Irin wannan wuta ba ta da ƙarfi, lasar ƙasa take yi ta mutu, ta bar fili wanda babbar gobara ba za ta sami abin ci a cikinsa ba idan ta zo daga baya. Wutar da ake tayarwa a Fabrairu ko Maris kuwa, sa'ad da komai ya bushe ƙayau, wata aba ce daban. Tana hawa har kan itace, ta kashe ƙananan kawo da maɗaci da ba su yi ƙwari ba, ta cinye ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, da kunkuru, da 'ya'yan dabbobin da ba su iya gudu ba. Hanyar da aka share da kyau takan tare ƙaramar wuta, wannan ma yana cikin dalilan gyaran hanyoyi. Amma idan iska ta yi ƙarfi, tartsatsi tsallake hanyar yake yi.

Ɓarnar kuma ba ta ƙarewa ran da hayaƙi ya lafa. Allunan da aka kafa sun zama gawayi, duk abin da aka yi da katako ko roba ya tafi. Ƙasa ta zama tsirara, babu saiwar da za ta riƙe ta. Da ruwan farko ya sauka sai ya kwashe toka da yashi ya cusa cikin kwalbati, ya hau kan hanya ya yanka ta, marmarar da aka zuba da kuɗi mai yawa ta bi ruwa zuwa Gaji. Kun ga aikin shekara ya tashi a banza saboda ashana ɗaya. Dabbar da ta rasa abinci a cikin daji kuwa waje za ta nufa, kuma mutanen ƙauyukan da ke kewaye sun fi kowa sanin abin da garken giwaye ke yi wa gona a dare ɗaya.

Abin takaici, idan an yi magana sai ka ji wani ya ce ƙaddara ce, ko kuma "kayan gwamnati ne, ina ruwana?" Wannan magana ba ta mai hankali ba ce, ba ta mai tsoron Allah ba ce kuma. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da kashe wuta kafin mu kwanta barci, ya kuma nuna ɓacin ransa da ya ga an ƙone gidan tururuwa. Tururuwa fa! Ina ga wanda ya ƙone daji sukutum da duk mai rai da ke cikinsa, don ya kama zomo biyu? Ka cinna wa dukiyar jama'a wuta da hannunka, sannan ka jingina abin ga ƙaddara? Ka ji kunya. In malamin daji bai gan ka ba, akwai Wanda ya gan ka. Iyaye da masu unguwanni da limamai, ku ma ba ku fita ba, domin kun san 'ya'yan da ke fita da ashana da karnuka, kuna kuma gani kuna shiru.

Sauran abubuwan a taƙaice. Kada a ba gwaggon biri abinci, yana sabawa ne ya koma fasa ɗakuna da fizge kaya a hannun yara. A rufe ƙofa da taga. Kada a shiga daji ba tare da ɗan rakiya ba, kada direba ya sauka daga hanya ya buɗe tasa, kada a fito daga mota don ɗaukar hoto kusa da giwa ko ɓauna. Leda da gorar ruwa a koma da su masauki a zuba a inda aka tanada. Kada a ɓata ruwan Wikki da shara. A kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey, waɗanda mutanen dā suka sassaƙa a dutse, ba a buƙatar sunan kowa a bango. Wanda ya tarar da reshe ko dutse a hanya ya kawar, addini ya ce sadaka ce.

Ɗan'uwa, in za ka dafa abinci, ka hura wutarka a wurin da ma'aikata suka nuna maka kaɗai, ka share ciyawar da ke kewaye, ka ajiye ruwa kusa. Idan ka gama ka zuba ruwa, ka tona tokar da sanda, ka ƙara zubawa, kada ka tashi sai ka kai bayan hannunka kusa ka ji babu sauran zafi. In kuwa ka hangi hayaƙi a inda bai kamata ba, kada ka ce wani zai faɗa. Ka sanar da malamin daji mafi kusa, ko ma'aikatan ƙofar Mainamaji, ko mai unguwarku, nan take.