Zuwa ga Auta da tsararrakinsa, a kan kiɗan waɗanda suka riga mu



Ranar da ka zo hutu Yelwa na kunna maka Ali Farka Ture. Ko minti ɗaya ba a yi ba ka ce, "Kawu, wannan ai kiɗan matattu ne," ka mayar da wayarka kunne. Ban tanka ba saboda yara na wurin, amma maganar ta kwana a raina. Na rubuto a fili ne don na san ba kai kaɗai ke faɗin haka ba.

Gaskiya ne, mutumin ya rasu tun watan Maris na 2006, Allah ya jiƙansa. Faifan da na kunna maka, Savane, bai fito ba sai bayan 'yan watanni da binne shi. An kuma fitar da wani da suka yi da Tumani Diyabate mai kiɗan kora a 2010, sannan Voyageur a 2023. Mutumin Niyafunke ne a ƙasar Mali, manomin shinkafa a bakin kogin nan namu na Kwara. Ruwan da ya wuce gonarsa shi ke gangarowa ta Yauri ya shiga tafkin Kainji. Turawa sun ce kiɗansa bulus ne irin na baƙaƙen Amurka, masu sa wuyan kwalba a yatsa suna jan sa kan wayar jita har ta yi kuka. Da ɗaya daga cikin gwanayen wannan salo, Ry Cooder, suka yi Talking Timbuktu a 1994. Ni dai da na ji, goge na ji, izga a kan izga.

Irin wannan faifai ba a jin sa a tsaye ana latse-latse. Mai shi ba zai dawo ya gyara ko harafi ɗaya ba. Zama ake yi, a kasa kunne har a ji numfashinsa da motsin yatsa a kan waya. Ku kuwa ba ku da haƙurin minti biyar! In ba kwamfuta ce ta buga gangar ba, sai ku ce tsohon yayi. Wa ya koya muku raina abin da kakanninku suka yi hira da shi?

Na ce wa ya koya muku, alhali nima na yi. Ina saurayi akwai wani tsoho mai goge, Bagunge, cikin waɗanda aka tayar daga gungu lokacin da aka datse ruwa a Kainji a 1968. Yakan zauna bayan la'asar kusa da inda ake sauke albasa daga jiragen ruwa. Gogensa ƙwarya ce da ta yi baƙi don tsufa, fatar ta tsage gefe ya ɗinke ta da zare. Wata rana na aro rikoda na ɗauke shi kaset guda, gaba da baya. Yana jan gogen yana kiran sunayen gungunan da ruwa ya cinye, da masuntan da, da kushewun da aka bari a ƙarƙashin tafki. Da ya gama ya goge ido da gefen rigarsa, ya ce in kunna masa. Bai taɓa jin muryarsa ba sai ranar.

Ba a yi shekara ba na ɗora waƙoƙin Indiya a kan gefe ɗaya, don ba ni da kuɗin sabon kaset. Ɗaya gefen danshin damina ya lalata shi a cikin akwati. Da labarin rasuwarsa ya iso ni na ɗauko, na sa biro na juya zaren a hankali, na kunna. Babu komai sai shuuu. 'Ya'yansa sun zo har gida suna tambaya, wai an ce musu ina da muryar babansu. Wallahi har yau in na tuna fuskar babbar 'yarsa sai jikina ya mutu.

Iya tana nan Wara, ta haura tamanin, kuma har yanzu tana riƙe da waƙoƙin niƙa da na daɓe da uwarta ta koya mata a gungu. Wayarka tana ɗaukar murya. In ka zo hutun Sallah za mu tafi tare. Ka cika caji, ka rage abin da ke cikin memorin.

Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka.