Yadda Za A Hana Manhajar Saƙo Buɗewa Da Kanta

Ana jawo hankalin jama'a cewa manhajojin aika saƙo, irin su WhatsApp, Telegram da Teams, sukan buɗe da kansu da zarar an kunna kwamfuta, ba tare da neman kalmar sirri ba. A kwamfutar ofis ko ta shagon intanet, duk wanda ya zauna bayanka yana iya karanta saƙonninka, har ma ya roƙi danginka kuɗi da sunanka.

Da farko, a hana manhajar tashi tare da na'ura. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc gaba ɗaya, Task Manager zai bayyana. Shiga sashen Startup, ka zaɓi manhajar, sa'an nan ka danna Disable.

Sai dai wannan bai fitar da kai daga asusunka ba, haka nan rufe tagar manhajar. Wajibi ne ka fita da hannunka kafin ka tashi. In kuwa ka riga ka bar wurin, buɗe WhatsApp a wayarka, shiga Linked devices, ka cire kwamfutar nan take. Kada ka jira WhatsApp ya cire ta da kansa, gama yakan yi haka ne bayan lokaci mai tsawo, misali in wayarka ta yi kwana 14 ba a yi amfani da shi a cikinta ba.