Kalanzir a Gorar Ruwa, da Alhakin Ɗan Maƙwabci

Ɗana, an gaya mini 'yarka ta fara rarrafe, har tana dafa kujera tana miƙewa. Allah ya raya mana ita. To lokacin wata magana ya yi, kuma ina so ka zaunar da maiɗakinka ku karanta tare, don ita ce ke wuni da yarinyar, kai kuma kai ne ke shigo da yawancin abubuwan da zan ambata.

Daga yanzu har ta kai shekara biyar, duk abin da hannunta ya taɓa bakinta zai nufa. Ɗaci ba ya hana ƙaramin yaro haɗiya, wari ma haka. Kada ka ce ai za ta ji warin ta ajiye. Kafin ta ji, ta riga ta kurɓa.

Da kalanzir zan fara, domin a asibitocin yara na ƙasar nan ya daɗe yana kan gaba a cikin gubar da ƙananan yara ke sha a gida. Mazubin ne ke jawo abin. Mai awo gorar da ka miƙa masa ita zai cika maka, mu kuwa wacce muke miƙawa? Gorar ruwan sha, ko kwalbar lemon da aka shanye jiya. A zo a dire ta a gindin risho, a ƙasa, daidai inda mai rarrafe ke bi. Yaro ya san gorar nan, a cikin irinta ake ba shi ruwa kullum, abin da ke ciki kuma fari ne tas. Ga zafin bazara, ga ƙishirwa. Me zai hana shi ɗagawa? Ka sayi ƙaramin galan mai murfin murɗawa, wanda bai yi kama da na abin sha ba, ka rataye shi inda kai kanka sai ka yi miƙa kafin ka kai. Kuɗinsa bai kai na katin waya na mako ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan shan. Uwa ta ruɗe, maƙwabta su taru, wata ta ce a ɗura masa manja, wata ta ce madara, wata ta zura masa yatsa a maƙogwaro don ya amayar. Da kyakkyawar niyya suke yi, Allah ya saka musu, amma a nan ɓarnar take. Kalanzir huhu yake ci. Ba shi da kauri, saboda haka ɗigo kaɗan in ya sulale ta hanyar numfashi sai ya bazu a huhu ya ƙona shi. Amai kuwa dawo da shi yake yi, ya sake bi ta bakin wannan hanya karo na biyu. Manjan ma yana tayar da zuciya, kuma yaron da aka danne yana kuka yana iya shaƙar manjan kansa. Don haka ba manja, ba madara, ba ruwan gishiri, ba yatsa. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki da ruwa da sabulu, a kama hanyar asibiti. Ko ya koma wasa a tafi, domin tari da haki da zazzaɓi sukan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana. Shi ya sa likita zai riƙe shi ya sa masa ido, ko da kai kana ganin lafiyarsa ƙalau.

Sai fiya-fiya da Sniper. Sinadarin da ke cikin Sniper na gona ne, don ƙwarin amfanin gona aka yi shi, mu muka mayar da shi maganin sauro da kyankyaso da kuɗin cizo, har wasu suna zuba shi a kan yara saboda ƙwarƙwata. Ta fata yana shiga jiki, ta numfashi ma yana shiga. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantunan kayan masarufi, amma ka san har yau ba ya wuyar samu. Fiya-fiya ta ma fi shi ban tsoro ta wata fuska, don ba takarda a jikinta, ba wanda ya san abin da mai haɗawar ya zuba. Alamun wannan guba ba sa ɓuya: yawu na dalala, gumi na karyowa, hawaye, amai da gudawa, baƙin ido ya tsuke ya zama ɗan mitsitsi, numfashi na fita da ƙara. Tana da makari a asibiti, allurar atropine, sai dai a kan lokaci take aiki. Gidan sauro ya ishe ku, ɗana. Ni ba na son kwalbar nan ta kwana a gidanka ko sau ɗaya.

Sinadarin Sniper ɗin nan dai shi ya sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya a 2015, saboda yawan da aka riƙa samu a jikinsa. In za ka ajiye wake ko masara na shekara, nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS. In an ɗaure shi da kyau, iska ce ke ƙare wa ƙwarin su mutu, ba a zuba komai. In kuwa ƙwayar Phostoxin aka jefa a buhu, to buhun nan ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum, har ma ɗakin da ke manne da shi. Ƙwayar tana fitar da iska mai guba da zarar ta ji laima, ita kuma ba ta da makari. Shinkafar ɓera ma kada a barbaɗa ta a bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado. Duk inda ɓera ke bi, mai rarrafe na bi.

Na ji maiɗakinka tana koyon haɗa sabulu. Sana'a ce mai albarka, Allah ya sa ta ci moriyarta. Amma sodar da ake jiƙawa a bokiti a bari ta kwana, a ido ba ta da bambanci da ruwan randa. Kurɓa ɗaya tana ƙona baki da maƙoshi, bayan makonni kuma hanyar abinci ta tsuke har yaro ya kasa haɗiye koko, wasu sai an yi ta yi musu aiki shekara da shekaru. Bokitin soda ɗaki mai kwaɗo yake kwana. In tsautsayi ya faru, ba a sa amai, ba a kuma ba da lemon tsami wai don ya kashe kaifinta.

Magunguna ma ka dube su. A Amurka tun 1970 doka ta tilasta a riƙa yi wa kwalaben magani murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Mu namu a 'yar leda kemis ke ƙulla mana, ya ƙare a kan madubi ko cikin jakar kaka in ta zo ganin jika. Jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu kamar alawa suke a idon yaro, kuma in ya sha da yawa suna kisa. Farasitamol kuwa yaudara gare shi: ranar farko yaro na wasansa, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta nuna ta taɓu, alhali makarinsa ya fi aiki a cikin sa'o'i takwas na farko. Ka sami akwati mai makulli. Kuma kada a taɓa lallashin yaro da cewa magani alawa ne.

Janareta ba ya kwana a baranda ko soro ko gindin taga, kaskon gawayi kuma ba ya kwana a ɗakin da aka rufe saboda sanyin hunturu. Iskar da ke kisa a cikinsu ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri take farawa da su, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji.

Ka tuna Zamfara a 2010, yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba daga waje aka kawo musu hari ba, duwatsun zinariya iyaye suka shigo da su tsakar gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke wasa a kai. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai shi ma dalma ce mafi yawansa. Na san iyayenmu mata za su ce da shi aka raine mu, amma ku daure ku bar wa yarinyar idonta haka.

In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ka ɗauki kwalbar ko ledar ka tafi da ita, ka kuma riƙe lokacin da aka sha. Su ne farkon abin da likita zai tambaya.

Yanzu ga ɓangaren da mutane ba sa son ji. Gidan haya kuke zaune, madafi ɗaya, tsakar gida ɗaya, yaran maƙwabta na shiga ɗakinku ba sallama, don ɗa na kowa ne. To in ɗan maƙwabcinka ne ya ɗaga gorar da kai ka dire fa? Na san abin da za a ce. Za a ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, iyayen ma wataƙila su ce sun bar wa Allah. Wannan kirkinsu ne, amma bai biya kuɗin gado da na iskar oksijin ba, bai mayar wa uban kwanakin da ya rufe shago yana jinya ba. Mai mutunci ba ya jira a tambaye shi. Shari'armu ma ba ta ɗauki kuskure da wasa ba: diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce, ko dinare 1,000 na zinariya. Ko wani sakaci ya kai ga diyya ko bai kai ba, wannan hukuncin alƙali ne. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, malaman fiƙihu ba su ɗora wannan nauyi a kan mutum ɗaya ba. Aƙila ke biya, wato danginsa na wajen uba, a rarrabe cikin shekara uku, don an san kafaɗa ɗaya ba ta ɗaukarsa.

Mutanen da danginsu suka watsu sun nemi wannan kariya ta hanyar inshora. A Amurka, inda shigar da ƙara ba ya wuya, inshorar gida da ta mota suna biyan wanda ka jawo wa rauni zuwa wani adadi. In kotu ta yanke abin da ya wuce adadin, sai a waiwayi albashinka da ajiyarka. Saboda haka magidanta da yawa suke ƙara wata a kai, wadda suke kira ta lema, galibi tana farawa daga dala miliyan ɗaya, kuma takan ɗauki kuɗin lauya. A Jamus mafi yawan gidaje suna da inshorar ɓarnar da su ko 'ya'yansu za su yi wa wani.

Mu ba ma kai maƙwabci kotu da sauri, alhamdulillahi, amma nauyin yana nan, kuma danginmu ma sun fara watsuwa. Ka riga kana da irin wannan inshora a motarka: tun Janairun 2023 naira dubu 15 ake biya a shekara, tana kuma ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan uku. Ka tabbatar ta gaske ce, ba takardar nuna wa jami'an hanya kawai ba. Ta gida ma akwai, kuma akan sami sashen alhakin wasu mutane a cikinta. Na san zuciyarka game da inshora, malamai da yawa suna da magana a kanta. Akwai takaful, wanda hukumar NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yi. Gudummawa kowa ke zubawa a asusu ɗaya, a biya wanda abu ya samu, in an sami rara a raba. Ka je ofishinsu da ƙafarka, ka tambayi iyakar abin da za su biya, ka tambayi abin da suka cire. Sashen alhakin wasu mutanen nan ba ya biyan jinyar ɗanka na cikinka, na wasu ne. Ta 'yarka inshorar lafiya ce ke ɗauka, ita ma ku yi. Kuma galibi ba ya ɗaukar abin da ya faru ta dalilin sana'a, saboda haka in sabulun maiɗakinka ya zama na sayarwa, ko ta fara ƙulla zoɓo da kunun aya, ka faɗa musu tun farko su rubuta.

In aljihu bai kai can ba tukuna, kada ka ji kunya. Ni abin da nake so mu yi a gidanmu shi ne asusun dangi na larura, wanda ba a taɓa shi don biki ko suna, sai asibiti da haƙƙin wani. In kun zo sallah zan kawo maganar a gaban baffanninka. Ka zo da lissafin abin da za ka iya sakawa duk wata, ko kaɗan ne, kuma ka yi tunanin wanda ya dace ya riƙe littafin a cikin 'yan'uwanka.